Kotun da Muka Kafa wa Marubuta Baƙaƙen Fata

A shekarar 1773 aka buga littafin waƙoƙin Phillis Wheatley a Landan. An sato ta ne daga Afirka ta Yamma tana ƙaramar yarinya, aka sayar da ita a birnin Boston na Amurka. Kafin mai karatu ya isa ga waƙar farko, sai ya ci karo da takardar shaida wadda manyan garin su 18 suka rattaba wa hannu, har da gwamna, suna tabbatar da cewa lalle wannan baiwa ce ta rubuta abin da ke ciki. A 1845 Frederick Douglass ya fitar da tarihin rayuwarsa, shi ma da gabatarwar William Lloyd Garrison da wasiƙar Wendell Phillips a gaba, Turawa biyu masu adawa da bauta, sun tsaya masa kamar masu belin wanda ake tuhuma.

Da'awata ita ce kotun nan ba ta taɓa tashi ba. Mu masu karatu muka gaji kujerar alƙalin, fararenmu da baƙaƙenmu. Yau babu mai musun cewa baƙar fata na iya riƙe alƙalami, amma har yanzu idan muka buɗe littafinsa abu guda muke nema: ya faɗa mana wahalar da mutanensa suka sha, mu kuma mu tantance ko gaskiya ya faɗa. Marubucin Bature yana da izinin ya yi wasa da harshe, ya ƙaga mutum mai ban haushi ko ban dariya, ba wanda zai ce yana wakiltar dukkan jinsinsa. Baƙar fata kuwa an rantsar da shi tun kafin ya buɗe baki.

Wannan dabi'a tana cutar ƙagaggen labari da rubutun gaskiya baki ɗaya. Harriet Jacobs ta buga Incidents in the Life of a Slave Girl a 1861 da sunan aro, Linda Brent. Ta ba da labarin yadda ta ɓoye kusan shekara 7 a wani lungu ƙarƙashin rufin gidan kakarta, inda ko miƙewa tsaye ba ta iyawa, don ta tsere wa ubangidan da ke neman ta da lalata. Shekaru masu yawa masana tarihi suna ɗaukar littafin ƙage ne, wasu ma suna jingina shi ga editarsa, Baturiya Lydia Maria Child, har sai da Jean Fagan Yellin ta tono wasiƙun Jacobs ta fitar da sabon bugu a 1987. Labarin ya tsaru da kyau, don haka aka ce ba zai zama na baiwa ba. Mai karatun yau ya juya al'amarin ne kawai: a ba shi ƙagaggen labari, sai ya karanta shi kamar rahoton kwamitin bincike.

Hakan ya fito fili bayan kisan George Floyd a Miniyafolis ranar 25 ga Mayu 2020. Jerin littattafan da "ya kamata a karanta" ya cika intanet, aka haɗa littafin Ibram X. Kendi na koyar da yaƙi da wariyar launin fata da ƙagaggun labaran Toni Morrison da James Baldwin a kwando ɗaya, tamkar magungunan da likita ya rubuta wa majinyaci. Ban zargi niyyar masu yin hakan ba. Amma wanda ya sha littafi a matsayin magani yakan toshe hanci ne ya haɗiye, ba ya tsayawa jin ɗanɗano.

Su kansu marubutan sun daɗe suna wannan gardama. Da Zora Neale Hurston ta fitar da Their Eyes Were Watching God a 1937, Richard Wright ya yi mata kaca-kaca a mujallar New Masses, yana ganin littafin ba shi da saƙo, kuma nishaɗantar da Turawa kawai yake yi. Laifinta shi ne ta bi Janie, mace mai neman soyayya da muryar kanta cikin aure uku, a garuruwan baƙaƙen fata na Fulorida, ta bar mutanenta suna hira da barkwanci da karin harshensu, Bature yana can gefe. Hurston ta rasu a 1960 cikin talauci, aka binne ta a kabarin da ba alama, sai a 1973 Alice Walker ta je ta kafa masa dutse. Shi ma Wright bai tsira ba. A 1949 Baldwin ya rubuta maƙalarsa Everybody's Protest Novel, yana cewa Bigger Thomas na Native Son ya ƙare a matsayin hujja a muhawara, an tauye masa cikar ɗan Adam. Ina tare da Baldwin a nan, ko da yake ina ganin ya tsananta wa mutumin da ya taimake shi yana matashi.

Littafin da ya fi bayyana mini wannan batu shi ne Beloved na Morrison, na 1987. Tushensa gaskiya ne. A Janairun 1856 Margaret Garner ta gudu daga Kentaki tare da iyalinta, suka ƙetare kogin Ohayo da ya daskare zuwa Sinsinati. Da masu kamun bayi suka kewaye gidan, ta yanka ƙaramar 'yarta don kada a mayar da ita bauta. Morrison ta ci karo da labarin a tsohuwar jarida lokacin da take aikin haɗa The Black Book a kamfanin Random House. Duk wanda ke son sanin abin da ya faru, wannan sakin layi ya ishe shi. To me ya sa aka buƙaci littafi guda? Saboda jarida ta adana wuƙar da jinin, amma ba ta adana abin da uwa ke ji idan ta farka da safe shekara 18 bayan haka ba. An mayar da Garner bauta. Morrison ta bar Sethe cikin 'yanci, a gida mai lamba 124, sannan ta dawo mata da 'yar a siffar budurwa mai yunwar da ba ta ƙoshi. Labarin ba ya tafiya a miƙe: yana kewaye kisan, ya matso, ya ja da baya, daidai yadda mai tsohon miki ke kewaye wurin da yatsa. Wannan tsarin shi ne littafin. Ɗalibin da ya rubuta cewa jigonsa "illolin bauta" ne ya yi gaba, ya faɗi abin da kowa ya sani tun kafin a haifi Morrison.

Za a ce mini: ai tarihin ma ba a san shi ba, kuma akwai makarantu a Amurka da ake fafutukar cire Beloved daga cikinsu, ashe wannan lokacin maganar salo ne? Ina ganin ƙarfin wannan hujja, amma ba ta gamsar da ni ba. Masu neman a cire littafin da masu mayar da shi takardar shaida karatu iri ɗaya suke yi masa. Duka biyu suna tsamo wuraren tashin hankali, waɗancan su ce a ɓoye, waɗannan su ce a nuna. Kuma rubutun gaskiyar da ake fifitawa, shi ma ginanne ne da hannu. Douglass ya sake rubuta rayuwarsa a 1855 da 1881, kowane karo da sabon zaɓi na abin da zai jaddada. Black Boy na Wright da aka buga a 1945 an datse masa kashi na biyu, wanda ya shafi zamansa a Shikago da hulɗarsa da 'yan gurguzu, bisa buƙatar wata ƙungiyar sayar da littattafai. Masu karatu sun sami labarin yaron da ya tsere daga Kudu zuwa Arewa, ba su ga yadda Arewar ta karɓe shi ba, sai a 1977 da aka buga sauran da sunan American Hunger.

Mu ma a nan ba mu kuɓuta ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, kuma sau da yawa in an zo nazarinsa, maganar cinikin bayi ta Sahara ce ke cinye zaman. Uwar da ta bar gida tana bin sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane, da natsuwar muryar malamin da ke ba almajiransa labarin, ba kasafai suke samun rabonsu ba.

Percival Everett ya mayar da duk wannan abin dariya a Erasure, na 2001. Tauraronsa farfesa ne baƙar fata wanda ake ce wa littattafansa ba su cika na baƙar fata ba. Cikin fushi ya zauna ya rubuta labarin unguwar talakawa cike da bindiga da ashar, da sunan ƙarya, don izgili. Masu buga littattafai suka yi rububinsa, alƙalan gasa suka yaba da gaskiyar da ke cikinsa, suka ba shi kyauta, shi kuwa yana zaune a cikin kwamitin alƙalan yana roƙon kada a ba shi.