Mu Daina Ƙona Ilmi Saboda Kilon Jan Ƙarfe

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata matasa, akwai abin kunya da muke gani kullum mu kawar da kai. A bayan gari, ko a Gusau ko a Tsafe ko a Bunguɗu, 'yan jari-bola na fasa tsofaffin sitabilaiza da amfilifaya, su zare taransifomar ciki, su ƙona ta, su sayar da jan ƙarfenta a kan sikeli. Ba su muke zargi ba, abinci suke nema. Laifin namu ne, mu 'yan boko, da muka haddace dokar da Faraday ya gano a 1831, muka ci jarrabawa da ita, amma in aka ɗora mana taransifoma a tebur sai mu tsaya muna zare ido.

Wai me ke da wuya? Waya ce aka nannaɗe sau biyu a kan ƙarfe ɗaya, yawan naɗin kowane ɓangare shi ke yanke ƙarfin wutar da zai fito. Mai gyaran rediyo a kasuwa, wanda muke yi wa kallon jahili, ya san sai ya fara sansana ta, ko ta taɓa ƙonewa. Sa'an nan ya sa mita: a irin mai rage wuta, naɗin da wayarsa ta fi siranta, turjiyarsa ta fi yawa, shi ke karɓar bolt 230 na gida. Ba ya jona ta kai tsaye, sai ya haɗa ƙwan lantarki irin na da, mai zare, a jere da ita. In ƙwan ya haska sosai alhali ba a ɗora mata komai ba, to wayoyinta sun haɗe, ta mutu. In ya yi dishi-dishi, sai ya auna abin da ke fita. Wadda ta ba da bolt 16 zuwa 18, in aka ƙara mata dayod huɗu da kafasita da abin daidaita wuta, ta isa ta ba da bolt 13.8 da yawancin rediyon oba-oba ke bukata, muddin girman ƙarfenta ya kai nauyin aikin.

Za a ce wasa da rai ne. Haƙiƙa akwai haɗari: taransifomar maikirowef tana fitar da kusan bolt 2,000, tana kisa nan take, kuma man tsofaffin manyan taransifomomi kan ƙunshi guba. To, ai wannan shi ne dalilin koyarwa, domin rashin sani ya fi dare duhu. Kada kuma wani ya haɗa mu da ɓarayin da ke kwance taransifomar unguwa su bar talakawa cikin duhu; waɗannan maƙiyan jama'a ne, tir da su.

Za a ce kuma zamanin salula ne, wa ke bukatar oba-oba? Mai faɗin haka ya manta da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda 'yan bindiga. Makonni mutum bai ji muryar uwarsa ba. Ba mu ce a keta dokar tsaro ba. Masu rediyon sa-kai da lasisi suke aiki, hukuma ta san kowannensu da lambar kiransa, wadda a Nijeriya kan fara da 5N. Abin da muka ce shi ne, al'ummar da duk maganarta ke rataye a kan na'urar da ba ta iya haɗawa ba, ba ta iya gyarawa ba, a bakin rijiya take kwana.

Saboda haka bukatunmu uku ne. Makarantu da ma'aikatu su buɗe sito-siton da matattun na'urori ke tsatsa a ciki, a rubuta su a miƙa wa ɗalibai, maimakon a yi gwanjonsu a ɓoye. Ƙungiyar ɗalibai ta kafa kulob na rediyo, ta nemi lasisi. A kuma gayyato masu gyara daga kasuwa, a zaunar da su a kujerar malami, a biya su ladansu.

Mun daɗe muna zagin masu mayar da ƙasarmu juji na kayan waje. Zagi ba ya kunna rediyo. Wanda ya raina tsohuwar taransifoma, gobe zai sayi jan ƙarfenta da tsada bayan an narke shi a wata ƙasa an dawo masa da shi cikin kwali. In kunne ya ji, jiki ya tsira.