Yaranmu da wayar da ke yi musu tunani

Tun ƙarshen shekarar 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT, duniya ke ta cacar baki kan abin da ƙirƙirarriyar basira za ta yi wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Mutanen karkarar Magarya da Dungas da yawa na ganin wannan zancen ’yan Yamai ne da ɗaliban Jami’ar André Salifou ta Damagaram. To, abin ya riga ya shigo mana har tsakar gida. Ba sai yaro ya mallaki babbar waya ba. Ta yayansa da ya dawo daga ci-rani a Kano ko Legas ta isa: a kai ta rumfar mai caji, a zuba mata mega na dala ɗari, kafin sallar isha’i rabin aji ya kwafi amsa iri ɗaya.

Ni haifaffen Yekuwa ne, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji cikin lardin Magarya. Ra’ayina a fili yake: barin yaro ya miƙa wa na’ura aikin tunani tun kafin tunaninsa ya yi ƙwari cutarwa ce, kuma cutarwar ta fi nauyi a kanmu fiye da yaran Faransa ko na Amurka.

Kwanan baya na ba wasu ɗalibaina aikin bincike kan kwararowar hamada, su zo su yi bayani gaban aji. Suka kawo takarda cikin Faransanci mai santsi, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Akwai zancen ɗumamar yanayi, da dashen itatuwa, da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka. Duk gaskiya ne, amma da za a cire sunan Nijar a sa na Mali ko Sudan, takardar ba za ta canza ba. Sai na tambayi wanda ya karanta ta, da Hausa, na ce: gawo nawa ne a gonar babanka, kuma me ya sa hatsin da ke gindinsa ya fi na fili kyau? Nan take yaron ya farfaɗo. Ya ce gawo yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka; da rani kuma yana yin kore, bisashe su taru a ƙarƙashinsa suna cin ’ya’yansa, su bar taki a wurin. Ya faɗi yadda kakansa ke zaɓen tsiro biyu ko uku a jikin kututture ya sassabe sauran. Na ce, me ya hana ka rubuta wannan? Ya ce, “Malam, ai wannan ba karatu ba ne.”

Wannan amsar ce ta tayar mini da hankali. Abin da yaron ya raina, shi ne abin da masana daga nesa suka zo nan suka yi ta mamakinsa. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka riƙa barin tsiron gawo a gonakinsu suna rainonsa, bayan shekarun da aka yi ana koya musu cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. A jihar Maraɗi ma an yi irin wannan, inda wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar da ake kira sassabin zamani tun daga 1983. Da Chris Reij na ƙasar Holan da Gray Tappan na Amurka suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa kimanin kadada miliyan 5 ta sake yin kore a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Mutanen da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba ne suka yi wannan aiki, da lura da gwaji da gardama a bakin gona. Jikokinsu ne yau ke tambayar waya yadda ake yaƙi da hamada, su karɓi abin da ta faɗa ba tare da sun ɗaga kai sun dubi gawon da suke zaune a gindinsa ba.

Masu bincike sun fara auna abin da muke gani a aji. A 2025 wasu masana na cibiyar MIT da ke Amurka, ƙarƙashin Nataliya Kosmyna, suka sa mutum 54 rubutun insha’i: wasu da ChatGPT, wasu da binciken Google, wasu da kansu kaɗai, ana auna aikin ƙwaƙwalwarsu. Masu ChatGPT ne ƙwaƙwalwarsu ta fi yin sanyi, kuma mafi yawansu sun kasa maimaita jimla ɗaya daga abin da suka gama rubutawa. Binciken ƙarami ne, bai isa a yanke hukuncin ƙarshe da shi ba. Amma a shekarar dai, masu binciken Microsoft da Jami’ar Carnegie Mellon sun tambayi ma’aikata 319, suka tarar cewa gwargwadon yadda mutum ya amince da na’urar, gwargwadon yadda yake rage tantance abin da ta ba shi. Waɗannan fa manya ne da suka gama karatu tun kafin na’urar ta zo. Ina ga ɗan aji uku na kwaleji da bai taɓa haɗa sakin layi ɗaya da kansa ba? Wahalar neman kalma, da gogewa a sake rubutawa, da gano cewa hujjarka ba ta tsaya ba, ita ce ke gina hankali. Ɗan kokawar da ya aiki wani ya yi masa atisaye zai gane kurensa ranar da aka buga ganga.

Abin da ya sa na ce cutarwar ta fi nauyi a kanmu shi ne yadda aka ƙera na’urar. Ba ta san komai da idonta ba. Tarin rubutun da ke intanet aka ɗura mata, tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Inda rubutu ya yi yawa, kamar tarihin juyin juya halin Faransa na 1789, takan yi ƙoƙari. Inda rubutu ya yi ƙaranci, ba ta cika yin shiru ba, sai ta cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya, cikin murya mai tabbaci. Ko a birnin New York, a 2023 wani alƙali ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 ta Amurka saboda sun gabatar da shari’o’in da ChatGPT ta ƙago, waɗanda ba a taɓa yi ba. Mu kuwa nawa aka rubuta a kanmu? Tarihin ƙasashen Sosebaki, wato Dungas da Wacha da Mirya, da yadda suka kasance da Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, da yadda iyakar Turawa ta raba dangi tsakanin nan da ƙasar Daura da Kano, mafi yawansa yana bakin tsofaffi da maroƙan fada. Duk yaron da ya tambayi waya ya ƙyale kakarsa ya yi asara biyu: ya karɓi amsa mai rauni, kuma tsohuwar za ta tafi da abin da ta sani.

Akwai kuma tsohon ciwon da makarantar boko ta bar mana, na ganin duk abin da aka rubuta da Faransanci mai kyau gaskiya ne. Da malami ne kaɗai ke da wannan kwarjinin, kuma shi ana iya kama shi da kuskure, a je gida a yi ta zancensa. Yanzu an samu wanda ba ya in’ina, ba ya fushi, ba ya gajiya, kuma bai san kunyar faɗin abin da bai sani ba.

Kada iyaye su ɗauka matsalar ta ’yan makaranta ce kaɗai. A majalisun dare, abin da ke yawo a WhatsApp da TikTok murya ce da hoto, kuma su ma na’ura na ƙera su. A watan Mayun 2025 an yaɗa wani dogon bidiyo da aka ce sabon Fafaroma Leo na 14 ne ke jawabi ga Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso. Fadar Vatican ta fito ta ce na jabu ne. Mutane da yawa a yankin Sahel sun riga sun kalla sun tura. Wanda bai iya karatu ba ya saba dogara da idonsa da kunnensa, ga shi yanzu su ne aka fi yaudara. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu tambayar na’ura hukuncin addini, su ɗauki amsar su shiga gardama da ita a ƙofar masallaci. Al’adar karatunmu ta zaure tana da tambaya ɗaya da ba a tsallakewa: a wurin wa ka ɗauko, shi kuma a wurin wa? Almajiri ba ya wanke allo sai abin da ke kansa ya zauna a ƙirjinsa, alaramma kuwa yakan rubuta Alƙur’ani daga ka. Al’ummar da ta san darajar isnadi bai kamata ta karɓi magana marar uba ba don kawai ta fito daga allon waya.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Makarantunmu da yawa ba su da ɗakin karatu, wasu azuzuwan na zana ne, littafi ɗaya yara da yawa ke rububinsa. Yarinyar da ba ta gane darasin lissafi ba, ba ta da mai maimaita mata a gida, idan waya ta warware mata shi daki-daki har ta gane, wa zai ce ta yi laifi? Ni ma ban ce a hana ba, kuma hanawar ba za ta yiwu ba. Bambancin yana wurin da aka sa na’urar: bayan yaro ya yi nasa ƙoƙarin, ko a madadin ƙoƙarin. A zauren jarrabawar BEPC babu waya, kuma a zaman sulhun rikicin manomi da makiyayi ma babu wanda zai jira ka ka tambaye ta.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Idan da gaske muke, wannan dama ce ta mayar da sanin gida cikin aji. ’Yan’uwana malamai, mu daina ba da aikin da waya za ta gama cikin minti ɗaya. Mu aiki yaro wurin mai gari ya tambayo asalin sunan ƙauyensu, ya ƙirgo itatuwan gonarsu, ya bi farashin tiyar hatsi daga kaka zuwa bazara ya faɗi dalilin hawa da saukarsa, sannan ya tsaya gaban aji ya kare abin da ya rubuta, da baki, ba takarda a hannu. Idan ya kawo amsar na’ura, a sa shi ya nemo inda ta yi kuskure, a ba shi maki a kan hakan. Masu duba makarantu na Magarya da Dungas su ba malamai sarari su yi wannan, kada a ɗaure su da gaggawar gama manhaja. Ku kuma iyaye, ko ba ku iya Faransanci ba, in yaro ya zo da takarda, ku ce ya ajiye wayar ya faɗa muku abin da ke ciki da Hausa. In ya kasa, ku mayar da shi ya sake aikin.