Tun Ran Gini, Ran Zane

Ku tuna watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa: faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya bashi daga Faransa ya kwana da bashi guda, ya wayi gari da biyu.

Ga amfanin mai tsare-tsare a kamfani. Ba boka ba ne. Aikinsa ya tambaya: in kuɗi suka faɗi, in aka rufe iyaka, ina muka dosa? Sa'an nan ya tanadi mafita tun ranar ba ta zo ba.

Alhaji, kada ka raina shi. Albashinsa bai kai hasarar dare guda ba.