Ra'ayinmu: Atisayen annoba a asibiti, a yi shi ba sanarwa

A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji, Jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Allah Ya taƙaita, cutar ba ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba. Masana na cewa wata sabuwar mura na iya koyo, kamar yadda H1N1 ta zagaye duniya a 2009.

Kano ta ɗanɗana zafin annoba a 2020. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da suka rasu a Kano cikin 'yan makonni, rabi ko fiye na iya zama korona ce.

Shugabannin asibitoci da ke ƙin atisayen annoba na da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Zazzabin cizon sauro da mashaƙo sun cika gadaje, likitoci na ficewa ƙasashen waje, kuɗin dizal na cinye kasafi. Wa zai janye ma'aikaciyar jinya daga kan mai naƙuda don wasan kwaikwayo? In dai atisayen da aka saba gani ne, wanda ake sanar da ranarsa, a share harabar, a ɗauki hoto, a raba alawus, to suna da gaskiya.

Amma a gwada wannan. Ƙarfe biyun dare wani ya shigo yana tari, jikinsa zafi rau, ya ce kajinsa sun mutu jiya. Maigadi ya san inda zai nuna masa? Mai yankan kati zai miƙa masa takunkumi, ko zai zaunar da shi a benci tsakanin masu juna biyu? Silindar oksijin nawa ce cike, kuma makullin sito yana aljihun wa? Sau da yawa mai makullin na gida yana barci. Gano haka ba ya cin ko jarkar dizal.

Ra'ayinmu shi ne kowace ma'aikatar lafiya ta jiha ta wajabta irin wannan gwaji sau biyu a shekara, ba sanarwa, ɗaya da dare, bisa ƙa'idar hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC. Kada a hukunta ƙaramin ma'aikacin da ya yi kuskure, domin gobe zai ɓoye. Shugaban asibitin da aka nuna wa giɓi, aka dawo bayan wata shida aka tarar bai toshe ba, shi za a tuhuma, tare da kwamishinan da ya hana shi kuɗin.