Bakaniken babur da fitilar da ke ƙyafta ido

Tsohon bakanike da kunne yake gano ciwon babur. Ya murɗa totur ya saurara, ya zaro fulogi ya dubi launinsa, sannan ya kai sukudireba kan kafireto ya ɗan juya. Wannan gwaninta ta ciyar da gidaje daga Kano har Maraɗi, kuma muddin Boxer da Jincheng na kan titi ba za ta rasa kasuwa ba. Sai dai masu ƙera baburan sun juya akala. Tun 1 ga Afrilu 2020, da Indiya ta fara aiki da dokar hayaƙi ta BS-VI, da yawa daga cikin baburan da Bajaj da TVS ke sayarwa a gida suka koma injekta. Waɗanda ake aiko wa Afirka galibi masu kafireto ne har yanzu, amma ba mai rantsuwa cewa haka za ta ɗore.

Babur mai injekta ba shi da sukurun daidaita mai da za a juya. Ɗan akwatin kwamfuta ne, wanda masu gyaran mota ke kira birenbos, yake karɓar rahoton zafin inji da buɗewar totur da iskar da ke fita ta salansa, sannan ya yanke yawan man da nozul zai fesa.

In wani abu ya lalace, babur ɗin kan faɗa da kansa. A baburan Honda da yawa, fitilar gargaɗi takan yi ƙyafce a lissafe: doguwar ƙyaftawa goma ce, gajera ɗaya. Gajeru bakwai, sansar zafi. Takwas, ta totur. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, wato 12, nozul. A nan ne ɗan koyo ke yin gaggawa ya tura mai babur sayen sabuwar sansa, alhali layin wutar kawai lambar ta nuna masa. Sau da yawa waya ce ta gutsure, ko soket ya yi tsatsa, ko batir ya yi sanyi. Wanda bai iya riƙe mitar awon wuta ba, sikana, na'urar karanta lambar matsala, ba za ta cece shi ba.

Amma abin da ya fi burge matasa shi ne sake rubuta jadawalin mai da ke cikin birenbos. Manhajoji irin su TuneECU, da masu Triumph da KTM suka daɗe da sani, da Woolich Racing, suna buɗe jadawalin a fuskar kwamfuta, kowane gida da lambarsa. Fetur yana ƙonewa tsaf idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, masu neman ƙarfi kuma kan sauko wajen 13. A Turai da Amurka ana ɗora babur kan na'urar gwaji a auna hayaƙinsa kafin a taɓa lamba ɗaya.

A nan gida jarabar daban ce. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, duk wanda ya ce zai rage wa babur shan fetur zai tara layi. To, in man ya yi ƙaranci inji kan yi zafi fiye da kima, ya ƙona bawul ko fistin. In batir ya ɗauke ana tsakiyar rubutu, birenbos na iya mutuwa murus. Kuma ribar da za a tatso daga ƙaramin inji mai 150cc ba ta taka kara ta karya ba.

Don haka oga mai horar da yara ya fara da karanta lamba, da awon waya, da duba ƙarfin famfon mai, da ajiye jadawalin asali kafin a taɓa komai. Yawancin baburan injekta da za a turo garejinsa ba jadawali ke damunsu ba: gurɓataccen man 'yan bumburutu ne ya toshe nozul, ko ƙurar hunturu ta cika matatar iska.