Filin Mata: Guzurin Uwa Mai Kai 'Ya'yanta Ƙasar Waje

 Maganarmu ta makon nan a kan tafiya ce, amma ba irin ta Kano ko Haɗejiya ba, wadda a kan je a kwana biyu a komo. Ina nufin tafiyar da mace kan yi ta bi mijinta ƙasar waje, ga goyo a baya ga wani a hannu, a zauna shekara uku ko huɗu, wani sa'i ma fiye.

A da wannan bai dame mu ba. Zamanin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi karatu Landan cikin 1945, Malam Aminu Kano kuma ya bi cikin 1946, galibi namiji ne kan tafi shi kaɗai, iyali suna gida wurin dangi. Yanzu kuwa, tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa cikin 1991, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya a nan cikin 2011, malamai da likitoci da ma'aikatan jinya sun yawaita cikinmu. Daga cikinsu a kan sami masu tafiya ƙaro ilmi ko aiki a Ingila, ko Malesiya, ko Masar, ko Saudiyya, su kwashi iyali. Saboda haka yarinyar da aka kai ɗakinta a Kiyawa, ko Jahun, ko Birnin Kudu, tana iya wayar gari ta gan ta a garin da ba ta san kowa ba sai mijinta. Zan fi yin magana a kan Ingila, domin can ne bambancin zama ya fi yawa.

Da fari, 'yar'uwa, kada ki sayar da gadonki da akuyoyinki sai takarda ta zo hannu. Tun daga watan Janairu na 2024 hukumar Ingila ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, sai mai karatun digirin bincike, kamar na dakta, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Cikin Maris na 2024 kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da nasu. Dokokin nan su kan sake, saboda haka maigida ya bincika da kyau. Ki tattara katin rigakafin ko wane yaro da takardar haihuwarsa ki adana wuri guda, gama za a tambaye ki su a wurin likita da makaranta. Ki kuma sani, tun 1983 haihuwar yaro a Ingila kaɗai ba ta mai da shi ɗan ƙasa.

Sai maganar kayan miya, wadda na san ita ce ta fi cin ran iyayenmu. Nama da abin da aka yi da madara ba a yarda matafiyi ya shiga da su Ingila daga ƙasarmu ba. Watau kilishi, da dambun nama, da man shanun da Inna ta soya miki, duk a filin jirgi za su tsaya. Kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, su ne mata suka saba tafiya da su, amma su ma a tambaya tukuna, in kuma ma'aikaci ya ce me ke cikin jaka, a faɗa masa gaskiya. A manyan garuruwa akwai mahauta Musulmi da kantunan mutanen Afirka da na Asiya. Ba za ki kwana da yunwa ba.

Abin da ba ya shiga jaka shi ne mutane. A nan gida, in kina tuƙa tuwo yaro ya yi kuka, ba ki ma san wanda ya ɗauke shi ba. Ga uwar miji, ga faccala, ga 'yar maƙwabta ta shigo ɗiban wuta. In kin haihu, akwai mai dafa ruwan wanka da mai dama kunun kanwa har a yi arba'in. A can kuwa ɗaki biyu ne a saman bene, ƙofa a rufe, maigida ya fita tun da safe. Cikin Disamba rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe 4 na yamma, ga sanyin da ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. Mace ta kan yi mako guda ba ta yi magana da babban mutum ba sai mijinta. Wannan kaɗaici ya kan zama ciwo, tun ba ga mai jego ba. In kin ji zuciyarki ta ƙuntata, kuka yana zuwa miki ba dalili, barci ya ƙi, abinci ya fita ranki, kada ki ce haƙuri za ki yi ki yi shiru. Ki gaya wa maigida, ki gaya wa likita ko ma'aikaciyar lafiya da ta kan zo gida duba mai jego. Sun san ciwon, yana kuwa da magani.

Tun makon farko ku rubuta sunayenku wurin likitan unguwa, kada ku jira sai ciwo ya zo. Da ya ke rana ba ta da ƙarfi a can, hukumar lafiyarsu ta ba da shawara yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su riƙa shan bitamin D kullum, mu masu baƙar fata kuma mu sha duk shekara, domin ƙarfin ƙashi. Sa'an nan ki fita. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 yana da awa 15 kyauta ko wane mako a makarantar reno lokacin zangon karatu, ɗakin karatu na gari ma kyauta ne. Ki kai su, ki gai da uwayen da ki ka tarar a bakin ƙofa ko da Turancinki bai nuna ba. Ki nemi masallaci mai wurin mata. Baƙo ko da ido makaho ne, amma matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma abu biyu da mu ke yi a gida ba mu ɗauke su komai ba, waɗanda a can su kan jawo wa iyaye baƙin ciki mai tsanani. Na ɗaya, barin yara su kaɗai. A nan ki kan bar ɗan shekara bakwai da ƙanensa ki je barka, domin gidan cike ya ke da idanu. A can barin yaro cikin halin da zai iya cutuwa laifi ne a doka. Na biyu, duka. Ƙasar Sikotilan ta haramta dukan yaro ko wane iri cikin 2020, Wales ta bi cikin 2022, a Ingila kanta kuma dukan da ya bar shaida a jiki yana kai mutum gaban shari'a. Malamar makaranta in ta ga tabon bulala, wajibi ne a kanta ta kai rahoto, ma'aikatan kula da yara kuma suna da ikon zuwa gida su bincika, har kotu ta raba yaro da iyayensa in ta ga dalili. Horo bai tsaya ga tsumagiya ba. Hana wasa, da hana kallo, da faɗa guda wanda uwa da uba suka haɗa baki a kansa, sun isa ƙaramin yaro. Ki kuma gaya wa malamarsa cewa a wurinmu yaro mai ladabi ba ya kallon babba cikin ido, don kada ta ɗauka wani abu ya ke ɓoyewa.

To, yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, watau harshe. Duk abubuwan da na lissafta a baya, cikin shekara guda kin saba da su. Amma akwai hasarar da ta kan shigo a hankali, ba a farga sai ta gama. Yaro ya shiga makaranta yana shekara 4 ko 5, tun wajen ƙarfe 9 na safe har bayan ƙarfe 3 Turanci ya ke ji, ya komo gida talabijin ma Turanci. Wata shida kina yi masa Hausa yana amsawa da Turanci, kina dariya kina jin daɗi. Shekara biyu, ya daina ji sai "zo" da "tafi". Ranar da kuka sauka Dutse, kakarsa ta tare shi tana kiran "mai gidana", tana yi masa wasan jika, shi kuwa ya tsaya yana kallon bakinta kamar kurma. Tsohuwar nan ta ƙirga kwanaki shekara huɗu, an kawo mata jikan da ba za su iya hira ba.

Na ji wasu uwaye suna cewa sun bar yi wa yara Hausa ne don kada ta rikita su a makaranta. Abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai ya saɓa wa wannan. Cikin 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji. Aka koya wa wasu yara darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa darasi ne guda cikin darussa. Da aka auna su da waɗanda aka juya wa Turanci tun da wuri, ba su kasa ba, har a Turancin kansa. Dalili kuwa a fili ya ke. Yaron da ya iya ba da labari, da ƙirga, da tambaya cikin harshen uwarsa, tunaninsa ya riga ya kafu, sabon harshe suna kawai zai ba abin da ya sani. Turanci ba ya bukatar taimakonki a Ingila, ko kin so ko kin ƙi yaro zai iya shi, har ya gyara miki naki. Hausa ce ba ta da kowa a can sai ke da mijinki.

Dubi mutanenmu da suka riga mu fita. Cikin 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a, maza da mata da yara, har ƙasar Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sannar, wanda a ke kira Mai Wurno. Jikokinsu da na mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka sun iya Larabci sarai, amma da yawansu sun riƙe Hausa ko Fillanci fiye da shekara ɗari. Haka zuriyar fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka zauna a zangunan Kumasi da Akkara a ƙasar Gana, har waɗanda ba Hausawa ba suka ɗauki harshen a wurinsu. Me ya riƙe musu? Unguwa guda suka zauna, da makarantar allo, da kasuwa, da dandali, da tsofaffi masu tatsuniya. Ke kuwa ba za ki tarar da zango ba. Aikin da unguwa guda ta yi musu, a ɗakinki za a yi shi.

Ga yadda za ki yi. Ku yi shawara da maigida tun kafin ku tashi, cewa daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa za a yi. In yaro ya roƙi ruwa da Turanci, kada ki tsawata masa, ki maimaita masa da Hausa ki miƙa masa. Da dare ki kashe talabijin ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da ka-cici-ka-cici, da karin magana. Cikin kayanki ki rage atamfa biyu ki sa littattafan Hausa na firamare da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, gama yaron da ya iya haruffan boko ba zai sha wuyar karanta Hausa ba, sai dai ki nuna masa ɓ da ɗ da ƙ. Ki kunna Sashen Hausa na BBC, wanda daga Landan ɗin ya fara watsa shiri cikin 1957. Ki sa rana guda a mako, ko Juma'a ko Lahadi, a kira gida ta wayar da a ke ganin fuska, ki ba yara wayar su da kakanninsu, kada ki tsaya kina fassara. Agogonmu da na Ingila ɗaya ne da bazararsu, da hunturu kuma mun riga su da awa guda kacal, saboda haka babu uzuri. In kun sami wani gidan Hausawa ko da a wani gari ne, ku hau jirgin ƙasa ku je. Zumunta a ƙafa ta ke.

Saura abu guda mai nauyin faɗa, watau kunyar ɗan fari. A gida uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakin jiki da shi gaban mutane, ba ya kuwa rasa komai, domin kaka da gwaggo sun ɗauke mata. A can babu kaka, babu gwaggo. In kin kama bakinki, ɗan nan ba shi da wanda zai yi masa Hausa, ba shi da wanda zai gaya wa in yara sun tsokane shi a makaranta saboda fatarsa ko sunansa. Ki sa masa laƙabi in kina so, ki ce Abba ko Ummi, amma ki zauna ki yi hira da shi, ki je taron iyaye ki tsaya masa. Kunyar tana nan, kya same ta in kin komo.

Ku kuma iyayenmu da za a bari a gida, in an kira ku jika ya yi gwaranci, kada ku yi masa dariya ku ce Bature ya zo. Yaro in aka yi masa dariya sau biyu ba ya sake buɗe baki. Ku yaba masa, ku tambaye shi abin da ya ci, ku gaya masa akuya ta haihu, dabino ya nuna, an yi ruwa an fita shuka. Da irin wannan ƙaramar hira ce zai san yana da gida a Dutse.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya ba da abin da aka je nema, ya komo mana da su da 'ya'yansu muna jin bakin juna, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.