Jirgin ruwan da aka sayar wa ɗan Damagaram a WhatsApp

Makon jiya muna zaune a fada bayan isha'i, wani ƙanena ya miƙo min waya, ya ce: "Yaya, dubi wannan." Talla ce: hoton farin jirgin ruwan alfarma irin na attajirai, ana neman matasa ma'aikata, ba sai ka taɓa aikin ba, albashi da yuro, ci da kwana kyauta. Sharaɗi ɗaya ne, ka tura jika 150 na "buɗe dosiye". Yaron nan yana da BAC, shekara 2 yana kabu-kabu, kuma har ya fara maganar saida babur ɗin.

Ƴan fada suka kwashe da dariya: kai da ruwan pampo ma sai ka bi layi da bido, ina kai ina teku? Ni ban yi dariya ba. Teku na nesa da mu da sama da kilomita 1,000, gaskiya ne, amma nisa bai taɓa hana Badamagare zuwa Tarabulus da raƙumi ba. Burin yaron ba hauka ba ne. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya mishi yadda ake shiga aikin nan, kuma ɗan damfara ya riga mu zuwa.

To ga yadda abin yake. Akwai yarjejeniyar ƙwadagon teku ta duniya, MLC ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013. Ta haramta wa kamfanin ɗaukar ma'aikata ya karɓi kuɗi a hannun mai neman aikin jirgi don ya samar mishi gurbi. Abin da za ka iya biya daga aljihunka shi ne fasfo, takardar likita da littafin ma'aikacin teku. Kuɗin biza ma mai jirgi ne ya kamata ya ɗauka. Saboda haka duk wanda ya ce ka turo kuɗin dosiye ko na "ajiye wuri", wallahi babur ɗinka yake so.

Na biyu, aikin jirgi na albashi yana buƙatar takardar horon farko ta STCW. Horo ne na kamar kwana 5: yadda za ka tsira in ka faɗa ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa, da ladubban zama cikin jirgi. Ana yin shi a cikin ruwa da gaban wuta ta gaske. Wanda ya ce zai aiko ma da ita ta waya, takardar bogi ce.

Su kuwa jiragen alfarmar, tsarinsu bai da bambanci da na tasha. Kowa ya san yadda yaro ke zama direba a nan: ya fara da wankin mota, ɗaurin kaya, kwana a ƙarƙashin tirela, har maigida ya yarda da shi ya ba shi sitiyari. Haka ake yi a Antibes ta Faransa da Palma ta Sifaniya. Gab da buɗe kakar yawon buɗe ido, matasa na bin bakin tashar ruwa da sassafe, jirgi bayan jirgi, suna neman aikin yini: goge ƙarfe, wanke daɓe, naɗe igiya. Kaftin ya ga aikinka, ya ga halinka, sannan ya ɗauke ka. Wato sai ƙafarka ta taka wurin, da biza a hannu, da guzurin makonni. Ɗan Nijar ya san abin da wannan ke nufi, balle tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a Janairun 2024.

Akwai kuma masu ƙananan jirage masu tafiya da iska. Duk watan Nuwamba suna taruwa a Las Palmas cikin tsibiran Kanariya su ƙetare Atlantika zuwa Saint Lucia. Da yawansu na ɗaukar sabon shiga, amma yawanci ba albashi, kai ne ma za ka sa hannu a kuɗin abinci. Tsibiran nan ne fa kwale-kwalen ƴaƴan Afirka ta Yamma ke nufa daga Senegal da Muritaniya, wasu su isa, wasu teku ya cinye su. Mu da muka rasa mutum 92 a hamada a 2013, akasarinsu mata da yaran Kance, ba sai an ba mu labarin hanyar ɓarauniya ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙofa ta halal tana nan, an bar ta a rufe da shiru. A Abijan akwai makarantar koyon aikin teku ta yanki, ARSTM, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka haɗa hannu a kanta. A Akara akwai jami'ar teku, a Oron ta Najeriya akwai wata makarantar. Na tambayi ƴan fadarmu, mutum 11, ko ɗaya bai taɓa jin sunansu ba. Laifin wa? Wa ya taɓa zuwa lise ko Jami'ar André Salifou ya yi wa ɗalibai bayani?

Kuma tun 2024 man Agadem na bin bututu kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Benin, manyan jirage na lodinsa. Ɗalibin da ke son zama hafsan jirgi na buƙatar wata 12 yana koyo a teku kafin ya samu takardarsa, nan ne da yawa ke maƙalewa. Me zai hana mahukunta su sa a cikin kwangila cewa jirgin da ya ɗauki manmu ya ɗauki ɗalibanmu 2 ko 3? ANPE kuma ta riƙa fitar da sanarwa a gidajen rediyon Damagaram, da Hausa, cewa ba a sayen aikin jirgi.

Ƙanen nawa dai na hana shi saida babur. Na tambaye shi ko ya iya iyo, ya ce a'a. Mun yi da shi ran Lahadi za mu Gidimuni, in akwai masuncin da zai yarda ya koya mishi.